Lissafin Mai Fito

Ƙarfe bakwai na yamma a Guwahati,
an kashe fankoki, masu shara sun tafi,
saura ni da madubin awo
da gilashi mai lamba dubu biyu da sha ɗaya.
Ba na karanta suna kafin in duba nama.
Yau ido ya riga ni.

Dhoniram Kalita, shekara sittin da uku, mai fito.
Gefen harshe, ɓangaren hagu.

Shekara tara yana tsallakar da ni Brahmaputra
ina 'yar makaranta, takalma a hannu,
shi kuwa kunci cike da tamul,
ganye da ƙwallo da ɗan farin alli,
ya tofar da ja, kogi ya haɗiye.
Ranar jarrabawa ba ya karɓar kuɗina.

Ga shi yanzu an yanko shi,
bai kai kaurin ɓawon albasa ba,
an rina, an shimfiɗa a ƙarƙashin idona.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Labarin ƙari kuwa sai rini.
Ƙwayar da ke haramar rabuwa biyu
takan sha launin shayi marar madara,
wadda ke zaune lafiya ta tsaya shuɗiya.
Ki-67 muke kiran alamar.
Na ƙirga ɗari, ɗari biyar, dubu.
A kowace goma, shida sun sha shayi.
Na murza ido, na koma wani lungu, na sake,
ko gilashin zai ji kunyata.
Bai ji ba.
Kaluluwa biyu a wuya ma sun sauki baƙon.

Da safe ɗansa Pranjal ya tare ni a matakala,
rigarsa na warin man inji.
"Baideo, shekara nawa?"
Na ce a cikin mutum ɗari masu irin wannan gilashi
waɗanda ke ganin damina ta biyar ba su cika rabi ba.
Ya ce, "To, Baba yana wane rabi?"

Madubina yana ninka abu sau ɗari huɗu.
Wannan kam ba ya hango shi.

Bayan aiki da kwana shida na hau bene.
Tiyo a hanci, zare a wuya,
rabin harshen da ke yi wa kogi kirari
yana ƙasa, cikin kakin ɗakina.
Ya gane ni. Ya jawo littafin ɗan jikansa,
ya daɗe yana rubutu, biro na tuntuɓe:

"Kada ki sunkuyar da kai, Junmoni.
Ruwa ba ya tsami banza.
In ya yi launin kasko, tururuwa ta hau gora,
nakan bi tsibiri in ce ambaliya na tafe.
Shekara arba'in ban taɓa sanin
gidan wa za ta ci ba.
Wani ya zage ni don nasa ya tsira.
Amma sun ɗaga shinkafa sama."

Ya juya shafi, ya ƙara:
"Gashin haske sati nawa?
A shafa wa jirgi kwalta kafin Bohag."

Na ce sati shida.
Ya ƙirga a gaɓoɓin yatsu, ya gyaɗa kai,
kamar mai duba ko zai kai gaɓa kafin duhu.

Da zan fita, Pranjal ya biyo ni da godiya
irin ta gidanmu da gidansu:
ƙwallo biyu a kan ganye, hannu bibbiyu.
Hannuwan suka tsaya a tsakaninmu.
Ya dube su, na dube su.
Ya naɗe ganyen a hankali,
ya rasa aljihun da zai sa.

Ƙasa, gilasai goma sha huɗu na jirana.
Na kifa takardun sunayen.